Warin masai a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin: ina mafita?

Maman Hafsat, Garwa:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min, abin ya kai ni maƙura. Bara muka tare a sabon gidanmu a Rumde Ajiya, kuma tun bayan sallar layya kicin ɗina ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba kwanuka ba ne, ba shara ba ce. Da na buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, nan warin yake bugo ni. Jabel, ruwan bilic ɗin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, kwalba uku na ƙarar, na zuba ruwan zafi da omo, ya lafa kwana ɗaya ya dawo.

Abin da na lura shi ne, duk sanda yara suka ja ruwan bayan gida, ko na juye baho guda na ruwan wanke-wanke, sai bututun ya yi ƙul-ƙul-ƙul kamar mai kurkure baki, bayan nan wari ya taso. Ranar Juma'a surukata ta zo daga Gider, ta leƙa kicin ta fito ba ta ce uffan ba, amma tuwon da na kai mata ko taɓawa ba ta yi ba. Wallahi kunya ta hana ni barci.

Malam Sale mai aikin famfo, Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan ƙul-ƙul ɗin shi ya tona asirin ciwon. Duba ƙarƙashin wurin wanke-wanken, za ki ga wani lanƙwasasshen bututu ko mai kama da kwalba, shi muke ce wa sifon. Aikinsa ya riƙe ɗan ruwa, kamar santimita 5, wannan ruwan shi ne murfin da ke tare iskar masai kada ta shigo ɗaki. To idan ruwa mai yawa ya gangara cikin babban bututu, yana jan iska a bayansa. In babu inda iska za ta shigo, sai ya zuƙe ruwan da ke cikin sifon, kamar yadda yaro ke zuƙe lemo da tsinke. Ƙarar da kike ji ke nan. Ruwa ya tafi, ƙofa ta buɗe, wari ya shigo.

Ki sa maigida ya zagaya ta bayan ginin ya ɗaga kai: akwai bututun da ya miƙe daga layin masai ya wuce saman kwano? In babu, ko kin zuba jabel tanka guda aikin banza ne. Magina da yawa suna tsallake shi don rage kuɗin tiyo, mai gida kuma ba ya ganewa sai an tare.

Kuma don girman Allah kada wani ya ce ki haɗa jabel da asid na wanke masai. Hayaƙin da suke fitarwa guba ne, yana ƙona huhu.

Hajiya Falmata, Injamena:
Ƙanwata, ni nawa daban ne amma ki duba. Na yi tafiya wata guda a Afrilu, zafi ya busar da ruwan sifon ƙaf, na dawo na tarar da wari da kyankyasai. Buɗe famfo kawai na yi ya cika. Yanzu in zan yi nisa nakan ɗiga man gyaɗa cokali guda a ciki, ruwan ba ya saurin bushewa.

Abban Sadik, Ngaundare:
Malam Sale, in fasa bango don saka bututun iskar zai yi wuya fa? Na ga ana sayar da wani ɗan bawul da ake ɗaurawa kusa da sifon.

Malam Sale mai aikin famfo, Marwa:
Yana aiki, Alhaji, amma shigar da iska kawai yake yi, ba ya fitarwa. Zai hana a zuƙe ruwan sifon, sai dai iskar da ramin masai ke tarawa dole ta samu hanyar fita sama. A ɗaura shi a tsaye, sama da bututun da ke fita daga sifon, inda hannu zai kai, don robar cikinsa takan gaji.

Maman Hafsat, Garwa:
Malam Sale, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Baban Hafsat ya duba, babu wani bututu a sama ko ɗaya. Wanda ya yi mana aikin ya haɗa tiyon kicin mai milimita 40 kai tsaye da mai 100 na masai, ya binne, ya tafi. Abin da ya fi ba ni haushi, sifon ɗin ma ba na kirki ba ne, irin tiyon nan ne mai kwarmi-kwarmi ya ɗan lanƙwasa shi. Da aka kwance, maiƙon miya da ƙwayar shinkafa sun cushe kowane lungu, baƙi ƙirin, sai da na fita tsakar gida.

Jiya wani yaro mai aikin famfo ya sa sifon na gaske, ya ja bututun iska ta jikin bangon baya har ya wuce kwano, nesa da tagar ɗakin yara, ya rufe bakinsa da raga saboda sauro. Da kaina na juye baho biyu a jere, yara suka ja ruwan bayan gida, ban ji ƙul ko ɗaya ba. Yau da asuba na buɗe kabad ɗin, ƙanshin sabulu kawai. Hajiya Falmata, dabararki ta man gyaɗa na riƙe, don da azumi za mu je Gider mu yi sati biyu wajen Inna.