Wane adadin gas za a yarda da shi kafin a ɗora kwangila kan Ethereum?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta kwangila mai sarrafa kanta (manhajar da ke aiki a kan tsarin blockchain na Ethereum) da yaren shirya manhaja na Solidity, wadda ke ajiye ƙuri'un masu zaɓe, kuma aiki guda yana ba ni adadin gas (ma'aunin aikin da ake biyan kuɗinsa a Ethereum) uku mabambanta: na Remix (manhajar rubuta kwangila) daban, na gwajin Foundry (kayan aikin gwada kwangila) daban, sannan na Sepolia (hanyar sadarwar gwaji ta Ethereum) ya zarce na gwajin. Ina roƙon waɗanda suka taɓa cin karo da haka su faɗi yadda suka warware shi.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Remix kansa adadi biyu yake nunawa, na cinikin gaba ɗaya da na gudanar da umarnin kaɗai. Na farkon ya haɗa da gas 21,000 da kowane ciniki ke biya tun kafin a taɓa kwangilar, da kuma kuɗin bayanan da aka aika, wato 16 kan kowane bayit da ba sifili ba, 4 kan na sifili. Da na fara ware su, rabin ruɗanina ya kau.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, ina ganin matsalarka tana wurin ajiya. Tun sabuntawar Ethereum mai suna Berlin a 2021, karanta gurbin ajiya karo na farko a cikin ciniki yana cin 2,100, amma sake karanta shi 100 ne kacal. Foundry yakan gudanar da gwaji guda tamkar ciniki ɗaya, don haka idan ka kira aikin sau biyu a cikin gwajin, kira na biyu zai tarar an riga an taɓa guraben, sai ya fito da araha wadda mai zaɓe na gaske ba zai taɓa samu ba. Na ga wannan a kwangilar rabon kuɗi da muka yi aiki a kanta, kuma sai da muka kunna zaɓin isolate, wanda ke mayar da kowane kira ciniki mai zaman kansa, sannan adadin ya kusanci na Sepolia. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin masu amfani ne ke biyan bambancin daga aljihunsu.

Amsa ta uku: Na yarda da malam, kuma zan ƙara cewa ban cika dogaro da matsakaicin adadin da rahoton gas ke bayarwa ba. Rubutu a gurbin da ke sifili yana cin 20,000 ban da kuɗin taɓawar farko, alhali canja wanda ke da abu a ciki 2,900 ne, saboda haka mai zaɓe na farko na iya biyan fiye da na goma. Ni mafi yawan adadin nake dubawa. Ina kuma ajiye sakamakon forge snapshot (umarnin Foundry da ke rubuta gas ɗin kowane gwaji) tare da kwangilar, domin duk gyaran da ya ƙara gas ya bayyana nan take. Kada kuma a sa rai da yawa ga rangwamen goge ajiya, wato gas ɗin da ake mayarwa idan an goge gurbi, tunda sabuntawar Ethereum mai suna London ta taƙaita shi zuwa kashi ɗaya cikin biyar na gas ɗin da aka kashe.

Mai tambaya: Na gode muku. Na kunna isolate, na kuma raba gwajin ƙuri'ar farko da na sauran, yanzu adadin da ke fitowa ya yi daidai da abin da na gani a Sepolia.