Jama'a, me za mu kira handblown glass da Hausa?

Salam 'yan uwa. Kayan ɗakin amare nake sayarwa, kwanan nan na samo wasu kofunan shayi da tulunan fulawa daga Masar, irin waɗanda ba inji ne ya yi su ba, mutum ne yake ɗebo narkakken gilashi a bakin dogon bututun ƙarfe ya hura shi da bakinsa yana jujjuyawa har ya zama kofi. Ina so in rubuta 'yar takardar yadda ake wanke su in riƙa sakawa cikin kwali, sai na tsaya cak tun a layin farko, wai ni me sunan abin?

Na fara tambaya a gida. Gwaggona ta ce ƙarau ne, toh ƙarau kam gilashi ne amma duk wanda ya ji awarwaro zai tuna, irin na Masaga, masu aikin gilashi da ke Bida, su kuma ba hurawa ce sana'arsu ba, naɗa narkakken gilashin suke a jikin ƙarfe. Tangaran ma kar wanda ya kawo shi dan Allah, wannan yumɓu ne aka gasa.

Wani ya ce "gilashi ƙirar hannu". Ya yi daɗi a kunne, ya bi sahun ɗinkin hannu da saƙar hannu, sai dai ya yi faɗi, wanda aka yanka da wanda aka zuba a mazubi duk sun shiga ciki. Wata 'yar uwa daga Damagaram ta ce "busasshen gilashi" daga busa, na yi dariya har da hawaye, ai kowa zai ɗauka wanda aka shanya ya bushe ake nufi, ga shi takardar tawa maganar wanki da shanya ce, ka ga rikici kenan.

Ni dai "hurarren gilashi" ya fi kwanta min. Hura wuta, hura balan-balan, hura gilashi. Mai yi kuma mahurin gilashi, ko kawai mai hura gilashi in mahuri ya yi muku nauyi. Turawa sun ce hannu, alhali baki ne ke aikin, ba dole mu bi su ba. Sana'ar ma ba tasu ba ce tun asali, a yankin Sham aka fara ta sama da shekara 2,000 da suka wuce, har yau ana yi a Al-Khalil ta Falasɗinu. Murano kuwa, tsibirin masu gilashi da ake ta ji a Italiya, sai a 1291 aka kwashe masu aikin daga cikin Venis aka kai su tsibirin saboda tsoron gobara.

Sauran kalmomin ma ga yadda na yi da su. A gindin kofin akwai wani ɗan tabo inda aka ɓalle shi daga sandar ƙarfe, wata kwastoma har ta dawo min da kaya wai ya fashe. Na sa masa "cibiya", tunda nan aka yanke shi daga uwarsa. Annealing kuma, wato a sa shi a tanda mai zafin kusan digiri 500 ya sauka a hankali na awoyi, na ce "hucewa", tandar kuma tandar hucewa.

Thermal shock ne ya ba ni wahala. Duk wanda ya tashi da fitilar ƙwai ya san abin, ɗigon ruwa ɗaya a kan ƙwai mai zafi sai ka ji tas. Haka ƙanwata ta yi min da hunturun bara, kofi ya kwana a sanyi ta kwarara masa tafasasshen shayi, ya tsage gida biyu a hannunta, domin ciki ya buɗe da zafi waje bai bi shi ba, kuma hurarre kaurinsa ba ɗaya ba ne ko'ina. Na rubuta "bugun zafi da sanyi" amma har yanzu bai gamsar da ni ba, wanda yake da wadda ta fi ya kawo.

Ga yadda takardar ta fito: Wannan hurarren gilashi ne, 'yan kumfan da ke ciki da cibiyarsa ba aibu ba ne. A wanke shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun ruwa kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, a shimfiɗa tawul a cikin robar, a cire zobe. Ban da soson ƙarfe, ban da toka ko yashi, ban da injin wanke-wanke. In ya yi farin tabo na ruwan rijiya a jiƙa shi da ruwan kal da aka sirka. Tulu mai siririn wuya a zuba ɗanyar shinkafa cokali biyu da ruwa a girgiza a hankali. A goge da tsumman auduga mai laushi, kar a bar ruwa ya daɗe a ciki.

Gobe zan kai wa mai buga takarda, in akwai gyara a faɗa kafin azahar.