Fita Ta'if a kan babur ranar Juma'a: ta Hada ko ta Sail?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zafin Jidda ya kai mana iya wuya. Mu biyar muka shirya fita Ta'if ranar Juma'a a kan babura, mu tashi bayan asuba mu dawo kafin isha'i. Waɗanda suka taɓa zuwa, ta hanyar dutsen Hada mai kwana-kwana za mu hau ko mu zagaya ta hanyar Sail? Sannan ina ake samun abinci mai kyau wanda ba zai tatike mana aljihu ba?

Sani Makaniki: Wa alaikumus salam. Hada mana. In ta Sail za ku bi, ku hau bas kawai.

Alhaji Tanko: Baban Amira, ka saurare ni da kyau, don ni na ɗanɗana. Bara da hunturu muka hau mu uku. Hawan kam ba a magana, kwana bayan kwana, dutse a gefe guda, kwari a ɗaya gefen, iska tana ƙara sanyi kana ji a jikinka, domin Ta'if ta kai wajen mita 1,800 sama da teku. Matsalar a dawowa take. Babur ɗin haya na karɓa a wani shago, mai shagon ya rantse mini birki sabo ne. Muka biye wa hira da shayi a Shafa, wurin shaƙatawa a kan dutse kusa da Ta'if, har la'asar ta wuce, muna fara gangarowa hazo ya rufe mu, fitilar motar da ke gabana ma da ƙyar nake hangowa. Ina ta danna birki, can sai na ji wari, na taka na baya ya tafi ƙasa ba ya kamawa. Wallahi kalmar shahada nake yi. Allah ya sa akwai wurin rakuɓewa, na tsaya kusan minti 40 ya huce, sauran hanyar da giya ta biyu na sauko. Da na mayar wa mutumin babur ɗinsa cewa ya yi ni ne ban iya tuƙi ba, ya riƙe mini kuɗin ajiya. Har yau abin yana mini ciwo. Don haka ku duba birki da taya da kanku, ku sauko da ƙaramar giya, kuma rana tana sama ku baro dutsen. Ku tambaya kafin ku tashi, don in an yi ruwa ko hazo mai yawa rufe Hada ake yi, dole Sail ɗin za ku zagaya.

Baban Amira: Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa, Alhaji. Namu ne baburan, amma zan sa a duba.

Sani Makaniki: Ku kawo su ranar Laraba da dare. Man birki ake canzawa, in ya tsufa shi ne yake tafasa a gangara.

Ɗan Katsina: Ba wanda ya yi maganar birai. Kada wanda ya buɗe leda a bakin hanya, fizgewa suke yi.

Habu Fagge: To ai kai ba ka da matsala, 'yan uwanka ne za su gane ka 😂

Ɗan Katsina: Habu, riyal 50 ɗina na watan jiya fa? Ka fara biya sannan ka yi ba'a.

Malam Nura: Abinci: in ka je Ta'if ba ka ci salik ba, ba ka je ba. Shinkafa ce da aka dafa da romo da madara, a ɗora kaza, a zuba man shanu. Bayan an sauko Juma'a a masallacin Ibn Abbas ku nema a cikin gari, tire ɗaya babba zai ishe ku ku biyar.

Habu Fagge: Malam, salik ai kunu ne da kaza. Mandi dai, naman rago.

Malam Nura: Mandi akwai shi a kowane lungu na Jidda. Me ya kai ka Ta'if?

Ɗan Katsina: Ni dai ku tsaya wajen masu barshumi, ɗan itacen nan mai ƙaya a ɓawo, a bakin hanya, yanzu ne lokacinsa. A bar mai sayarwa ya ɓare muku, ƙayar nan ba ta fita da sauƙi. Furen wardi kuwa sai Maris da Afrilu, kun makara.

Alhaji Tanko: Na manta, hular kwano dole, kuma kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi ba sa barci. Ku ɗauki rigar sanyi ko da kuna ganin zufa kuke yi a Jidda.

Yakubu: Tambaya, in za mu gangaro ta Makka sai mun ɗaura harami a miƙati?

Malam Nura: Sai mai niyyar umara. Wanda wucewa kawai zai yi ba komai a kansa.

Habu Fagge: In ta Makka ne a tsaya Shara Mansur a ci tsire, wanda Larabawa ke cewa siriya. Ni zan biya.

Ɗan Katsina: Da kuɗina ke nan.

Yakubu: Akwai wurin goyo? Kafilina ya ba ni Juma'ar nan, rabona da fita daga Jidda tun azumi.

Baban Amira: Akwai, bayana za ka hau. Ka nemo hula. Ƙarfe biyar da rabi a gidan man da muka saba.