Allurar limoniya da ta mura: me kuka gani a kan yaranku?

Maman Hanifa, Kano
Assalamu alaikum. Hunturu ya kankama, gidanmu kowa tari yake. Autana wata bakwai gare shi, ya karɓi allurar limoniya, wato PCV, duka uku, ta sati 6, 10 da 14, amma ga shi majina ta ƙi tsayawa. Surukata cewa take ina amfanin huda masa cinya da aka yi ta yi. Kuma na ji ana maganar wata allurar mura daban, ban gan ta a katinsa ba. Don Allah wanda ya ga wani abu a kan nasa ya faɗa mana.

Anti Nas, Zariya
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa PCV ba don majina aka yi ta ba. Ƙwayar niumokokus take tarewa, wadda ke kawo limoniya, da wani nau'in sanƙarau, da ciwon kunne mai fitar da ruwa. A ƙarshen 2014 aka fara sa ta cikin rigakafin yara a Najeriya, jihohi kashi-kashi. Penta, allurar nan mai tare cututtuka biyar da ake yi tare da ita, ma tana tare wata ƙwayar mai kama huhu. Majina kam sai ya yi. Numfashinsa za ki sa wa ido: ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga na minti ɗaya. In ya kai 50 a shekarunsa, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, kada ki tsaya kemis, ki kai shi asibiti.

Baban Zara, Maraɗi
Wannan lotsawar na gan ta da idona. Babbar 'yata an haife ta kafin allurar PCV ta zo Nijar. Mun ɗauka sanyi ne, muka yi ta shafa mata man zafi ana turara ta. Daren da muka kai ta likita hancinta buɗewa yake yana rufewa, kukan ma ba ya fita. Sai da aka sa mata iskar oksijin. Ƙannenta duk sun samu allurar, suna mura kamar kowa, amma ba wanda ya kai mu kwanciya. Ban ce ita kaɗai ce dalili ba, don mun kuma daina girki da itace a ɗakin da suke kwana.

Ummu Yasir, Kaduna
Ta murar ba ta cikin kati, saye ake yi, kuma da tsada. Mu likita ne ya ce a yi wa Yasir saboda yana da sikila, irinsu ciwon ƙirji ba ya musu da sauƙi. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata shida ba. Karon farko biyu aka yi masa, sati huɗu tsakani, daga nan sau ɗaya kowace shekara, wai ƙwayar sauya kama take. Neman ta ma aiki ne, wani lokacin a ce ta ƙare.

Hajiya Ladi, Ingila
A nan jikokina a hanci ake fesa musu a makaranta kafin sanyi ya shigo, kyauta. Murar da suke nufi, wato fulu, ta wuce majinarmu, zazzaɓi ne mai kayar da yaro da ciwon jiki.

Amaryar Malam, Gusau
Ni tawa matsalar daban. Bayan PCV ta biyu yarinyar ta kwana zazzaɓi, cinyar ta kumbura ta yi tauri, Malam ya ce ba za a ƙara ba. Yanzu ta shiga wata tara, ya sauko. Anti, sai an sake daga farko?

Anti Nas, Zariya
A'a, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da kumburin wurin ana ganinsu sosai, a ba ta nono akai-akai da farasitamol daidai nauyinta, kada a gasa wurin da ruwan zafi. Ki tafi da katin ranar awo, tunda ta kai wata tara a haɗa mata da ta ƙyanda. In Malam zai samu hali ya raka ki ya ji da kunnensa, ya fi.