Batirin sola ya mutu, mai shago ya ce ba ya karɓa, ya zan yi?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Talla na gani a Facebook wani mai shago a Sabon Gari yana cewa batirinsa na sola 200Ah ne orijinal garanti shekara biyu, na kwashi ɗan abin da nake tarawa na je na saya saboda wutar Tudun Wada kowa ya san halinta. To wallahi bai wani daɗe ba, fanka ɗaya da ƙwan lantarki uku ne kawai a kai amma kafin sha biyun dare inbata ta fara kuka ta ɗauke. Na koma masa ya ce wai ni na kashe shi da caji, ya nuna min ƙasan rasit inda aka buga kayan da aka saya ba a dawowa da su. Haƙuri zan yi ko akwai inda ake kai ƙara?

Injiniya Samaru: Wa'alaikumus salam. Kafin komai ɗora shi a sikeli. Batiri 200Ah na gaske, in ba na lithium ba ne, dalma ce cike a cikinsa, yana kai kilo 55 zuwa 60 ko fiye, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin daɗi. In ka ji shi sakayau to ƙarami ne aka manna wa sitika, ko tsoho aka wanke aka goge kawunansa suka yi ƙyalli. Wasu ma yashi suke ɗurawa don ya yi nauyi, don haka ka sa mai gyara ya gwada shi da lodi, ya duba kwantirolarka mai daidaita caji kuma, kar ya zama gaskiyar mai shagon ce.

Maman Ummi: Ɗan'uwa kar ka haƙura kuma kar ka je kana ɗaga murya a shago, za su taru a kanka ne. Nemi shugaban layinsu ko sarkin kasuwa. Ni haka aka yi min da injin markaɗe, dattijon nan yana kiran yaron gaban mutane sai ga wani sabo a kwali, su sunansu suke tsoro ya ɓaci.

Barista: Wannan rubutun na ƙasan rasit ba ya soke haƙƙinka Alhaji. Akwai dokar kare masu saye ta 2018, ita ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi ko wanda ya saɓa da yadda aka siffanta maka, kuma ta hana tallan yaudara. Yanzu yanzu ka ɗauki hoton tallan nan kafin ya goge, ka adana rasit da alat na transfa da duk hirarku ta WhatsApp. In kasuwa ba ta sasanta ku ba ka shigar da ƙorafi ta shafin hukumar a intanet. Batun jabun kaya kuma SON, hukumar kula da ingancin kaya, ce ke bi, in abinci ne ko magani NAFDAC.

Malam Ƙofar Doka: Ko a shari'a ma akwai khiyarul aibi, wanda ya sayi abu aka ɓoye masa aibinsa yana da zaɓin mayarwa. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ka tuna masa da wannan cikin lalama, wataƙila shi ma dilansa ne ya cuce shi.

Abban Hanifa: Na gode Allah ya saka. Mun kai shi wajen masu awon masara, kilo 38 ya nuna Injiniya. Amma Barista garantin nan bai rubuta a rasit ba fa, a tallan kawai yake.

Barista: Tallan ma hujja ce ai, da shi ya ja ka ka saya. Ɗauki hoton batirin a kan sikelin yadda lamba da sitikar 200Ah za su fito tare, ka je wajen shugaban layin da mutum biyu, kuma kar ka bar masa batirin sai ya rubuta maka ya sa hannu cewa ya karɓa.