Ghosts 'n Goblins: gwaninta ce ko tarkon kuɗi?

Dogo: Jama'a, ni dai na yanke hukunci. Ghosts 'n Goblins ba wasan gwaninta ba ne, tarkon kuɗi ne. Kamfanin gem na Capcom ya fitar da shi a 1985 a kan injin da ake jefa wa sile, yen 100 a Japan, santi 25 a Amurka. Ka mutu da wuri, ka sake jefawa, ko ka tashi wani ya jefa. Wahalar tasa ke nan, babu wata hikima a ciki.

Mai Shago: Dogo, yau kuma Arthur, jarumin wasan, shi ne ya ɓata maka rai? A ina ka maƙale?

Dogo: A matakin farko, Alhaji, kuma ban ji kunya ba. Jarumi guda da sulkensa, taɓawa ɗaya sulken ya tarwatse, ya koma gudu a maƙabarta da gajeren wando. Taɓawa ta biyu ya zube ƙasusuwa. Ga gawarwaki suna tsirowa daga ƙasa daidai inda ƙafarka za ta sauka, ga agogo yana ƙirga maka lokaci. Idan ka yi tsalle kuma shi ke nan, ba ka iya juyawa a sama, inda ka nufa nan za ka faɗa ko rami ne.

Yaya Babba: Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ƙanena, amma ba ɗaya da ke nuna zalunci. Tsallen nan tsawonsa ɗaya ne kullum. Wasan yana cewa ne ka duba kafin ka ɗaga ƙafa. Ku yaran yanzu kun saba da gem da ake gyara muku tsalle kuna sama.

Ɗan Auta: Yaya, a bar zancen tsalle. Jan aljanin nan mai fukafukai fa, Red Arremer? Yana zaune ya naɗe ƙafa kamar ba ruwansa, ka jefa mashi ya tashi sama ya kauce, ya yi shawagi, ya sauko maka ta inda ba ka zata ba. Kuma a wasan farko Arthur dama da hagu kawai yake jifa. Abokin gaba yana saman kanka, kai ba ka da yadda za ka jefa sama. Ina adalci a nan?

Yaya Babba: Shi ne ma mafi kyawun abin da ke cikin wasan. Sauran dodannin hanyarsu ɗaya, ka haddace ka wuce. Shi kuwa motsinka yake bi. Ka daina jifan iska, ka ja baya, ka jira ya sauko daidai kafaɗarka sannan ka sakar masa. Da banza ne da Capcom ba ta yi masa wasan kansa ba, Gargoyle's Quest, a Game Boy a 1990.

Mai Shago: Ni da na riƙe gidan gem zan ɗan goyi bayan Dogo. Injinan nan suna da wasu 'yan maɓallai a ciki da mai shago yake saita yawan rai da tsananin wahala. Kamfani ya san wa yake sayar wa injin, kuma wanda ya saya ba ya son yaro ɗaya ya kwana a kai da sile guda. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma duk injinan zamanin haka suke, to me ya sa wannan ake ta zancensa har yau, sauran an manta da su?

Malama: Ina da tambaya ga Dogo. A 1986 an mayar da shi kaset na Nintendo, na gida. Ka saya sau ɗaya, ba wurin jefa sile, kuma in ranka ya ƙare za ka iya ci gaba iya son ranka. Wahalar ba ta ragu ba. Kuɗin wa ake ci a nan?

Dogo: Malama, kwafin na injin suka yi, halin ya biyo shi gida. Kuma ki amsa mini wannan. Ka sha wuya ka wuce matakai shida, in ba ka riƙe garkuwa ba a hana ka ganin babban dodon, a mayar da kai baya. Ka samo ta, ka kashe shi, sai a rubuto maka cewa ɗakin duk ruɗi ne, tarkon Shaiɗan ne, koma farko ka sake wasan gaba ɗaya kafin ka ga gimbiyar da ka je ceto. Wannan gwaninta ce?

Yaya Babba: Wannan kam ba zan kare shi ba. Tsawaita wasa ne da arha.

Ɗan Auta: Allahu akbar, yau Yaya ya sauko!

Yaya Babba: A nan kaɗai. Kar ka yi saurin murna.

Malama: Ni abin da ya fi ƙona mini rai ma ba zagaye na biyu ba ne, makamin nan ne, wutar jifa. Kana tafe da wuƙa, makamin da ya fi kowane sauri, sai ka taka wuta bisa kuskure. Ba ta zuwa nesa, lanƙwasa take ta faɗi gabanka tana ci, kuma in biyu suna ci a ƙasa sai ka jira su mutu kafin ka sake jifa. Ka mutu ka dawo, tana nan a hannunka. Wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi, dariya yake mana. Sai dai ba kuɗi yake nema da ita ba, mugunta ce kawai irin ta wasa.

Mai Shago: Tokuro Fujiwara ke nan, wanda ya tsara wasan. A wasan da ya biyo baya, Ghouls 'n Ghosts na 1988, wanda ya zo na'urar gida ta Sega a 1989, ya bar Arthur ya riƙa jifa sama da ƙasa, amma sai ya ƙara boka a cikin akwati, ka buɗe kana neman sulke ya mayar da kai agwagwa ko tsoho mai sanda. Da hannu ɗaya ya ba ka, da ɗayan ya karɓe.

Dogo: To ai kun zo kan maganata. Da ya dawo ya yi Ghosts 'n Goblins Resurrection a 2021, matakan wahala huɗu ya saka, har da wanda ka mutu ka tashi nan take. Da sile ya fita daga lissafi, sauƙi ya samu wuri.

Yaya Babba: Ya saka mai sauƙi, amma mafi wuyan yana nan bai taɓa shi ba, kuma babu sile a Switch, na'urar Nintendo da wasan ya fito a kai. Mutumin wahalar yake so tun asali.

Malama: Ku biyun nan ba za ku shirya ba. Dogo, ranar Asabar ka zo shagon Alhaji, a ba Yaya hannu mu ga yadda ake jiran jan aljanin ya sauko.

Yaya Babba: Na yarda, amma da sharaɗi: da wuƙa zan fara.

Dogo: Da mashi ake farawa, Yaya. Da shi za ka fara kamar kowa.