Neman kalmar Hausa: me za mu kira abin da Steffi Graf ta yi a 1988?

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da masu karanta labarin wasanni. Akwai kalmar da take ɗaure mana kai duk lokacin da aka zo ba da tarihin 'yan wasan tanis na Jamus, wato Grand Slam, kuma ina ganin ya kamata mu tsayar da magana a kanta, domin barinta yadda take yana sa muna rage wa wani girman aikinsa, muna kuma ɗora wa wani abin da bai yi ba.

Tushen matsalar shi ne masu kalmar da kansu abu biyu suke kira da ita. Suna kiran kowace ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na shekara da wannan suna, wato ta Ostareliya da ake yi a Melbourne a watan Janairu, da ta Faransa a Paris, da ta Wimbledon a Landan, da ta Amurka a New York wadda ke zuwa daga ƙarshe. Suna kuma kiran lashe duka huɗun a cikin shekara guda da wannan sunan dai, kuma wannan ce ma'anar asali, domin daga wani wasan karta aka aro kalmar, inda ake nufin ɓangare ɗaya ya cinye duk zagaye 13 bai bar wa abokan karawa ko ɗaya ba. Idan muka rubuta cewa Boris Becker ya ci Grand Slam shida, sannan a layi na gaba muka ce Graf ta yi Grand Slam sau ɗaya a 1988, mai karatu zai ɗauka Becker ya ninka ta sau shida, alhali kuwa abin da ta yi a wannan shekarar shi bai taɓa yin sa ba. Saboda haka ban goyi bayan waɗanda suka ce a juya kalmar zuwa rubutun Hausa kawai a wuce wurin ba. Aro ba aibi ba ne, ita kanta kalmar tanis aro ce, amma idan muka aro wannan za ta taho mana da ruɗaninta. Kalma biyu muke bukata.

Ga gasa ɗaya daga cikin huɗun, an kawo "babbar gasa", sai dai kowace gasa mai kuɗi da 'yan kallo babba muke ce mata. Gasar ƙarshen shekara ta gwanaye takwas, wadda Alexander Zverev ya lashe a 2018 da 2021, babba ce ƙwarai, amma ba ta cikin huɗun. "Gasar duniya" kuma za ta kai hankalin mutane ga kofin ƙwallon ƙafa. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne "gasar ƙoli", jam'inta "gasannin ƙoli", domin kunnen Bahaushe ya saba da kotun ƙoli da taron ƙoli, ya san ana nufin matakin da babu wani a samansa.

Mu gwada ta a kan Becker. A 1985, yana da shekara 17, ba ya ma cikin gwanayen da aka ware kafin a fara gasar, ya doke Kevin Curren a wasan ƙarshe na Wimbledon, ya zama namiji Bajamushe na farko da ya ɗauki wannan kofi. Dole a ce namiji, domin Cilly Aussem ta riga shi a ɓangaren mata tun 1931. Ya sake ɗauka a 1986 da 1989, ya ƙara da ta Amurka a 1989, da ta Ostareliya a 1991 da 1996. Sai mu rubuta cewa Becker ya lashe gasar ƙoli sau shida, Michael Stich kuma sau ɗaya, lokacin da ya doke Becker ɗin a Wimbledon a 1991, a wasan ƙarshe da Bajamushe ya kara da Bajamushe. Jimlar tana tafiya a baki, ba ta bukatar ƙarin bayani.

Kalma ta biyu ta fi wuya, kuma ba za a iya zaɓen ta ba sai an dubi abin da Graf ta yi daki-daki. A Janairun 1988 ta doke Chris Evert a Melbourne, a shekarar da gasar ta bar ciyawa ta koma sabon fili mai tauri. A Paris, inda jar ƙasa ke rage gudun ƙwallo har wasa ya riƙa daɗewa, ta gama da Natasha Zvereva da ci 6-0 da 6-0 cikin ɗan abin da ya haura rabin awa. Bayan 'yan makonni ta hau ciyawar Wimbledon, inda ƙwallo ke sulɓewa ƙasa-ƙasa, ta tarar da Martina Navratilova wadda ta riƙe kofin shekara shida a jere. Graf ta faɗi a turmin farko da 5-7, sannan ta kwashe biyun da suka biyo baya da 6-2 da 6-1. A New York ta doke Gabriela Sabatini, lokacin Graf tana da shekara 19 kacal. Wannan ba yawan kofi kaɗai ba ne. Fili iri uku ne, kowanne da irin takun da yake so da irin bugun da yake karɓa, kuma babu damar tuntuɓe ko sau ɗaya a cikin wasa 28 da ke gaban mai neman huɗun idan an buga kowanne. Kafin ita, mutum huɗu ne kawai suka yi haka a wasan ɗaiɗai: Don Budge a 1938, Maureen Connolly a 1953, Rod Laver a 1962 da 1969, sai Margaret Court a 1970.

To, kalmar da za mu zaɓa dole ta nuna cewa abubuwa huɗu mabambanta ne aka tara wuri ɗaya. "Cin huɗu" ba za ta yi ba, domin mai sauraro zai ji kamar ƙwallo huɗu aka zura a raga. "Lashe huɗu" ma tana da rauni, tunda wanda ya ɗauki Wimbledon sau huɗu shi ma ya lashe huɗu. Wani ɗan uwa ya kawo "cika huɗu", kuma na ga kyawunta, sai dai da zarar an kore ta an ce wane "bai cika" ba, kunne yakan fara jin ma'anar abin da mutum ba ya yawan yi kafin ya ji sauran jimlar. "Haɗin huɗu" kuwa, wata 'yar uwa ta yi gaskiya da ta ce za a iya ɗaukar sa a matsayin wasan bibbiyu, inda mutum huɗu ke cikin fili, irin wanda Becker da Stich suka ci zinare da shi a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992.

Shawarata ita ce "haɗa-huɗu", da ƙaramin layi a tsakani, a kan ƙirar da harshen ya riga ya sani a kalmomi irin su haɗa-ka. Idan aiki ake so a faɗa, sai a ce ta haɗa huɗun, idan suna ake so, sai a ce ta yi haɗa-huɗu. Amfaninta yana fitowa ne sosai a kan waɗanda suka kusa amma ba su kai ba. Angelique Kerber ta doke Serena Williams a Ostareliya a 2016, ta ɗauki ta Amurka a wannan shekarar, ta sake doke Serena a Wimbledon a 2018, ta kuma bar wasa a 2024 ba ta ci Paris ba. Becker ma Paris ce ta gagare shi. Dukansu biyu za mu ce saura ɗaya su haɗa huɗun, kuma wannan magana ta girmama su ba tare da ta ɗora su a inda ba su kai ba.

A nan akwai rarrabewar da bai kamata mu tsallake ba. Wanda ya tara huɗun a shekaru daban-daban, kamar Andre Agassi na Amurka, mijin Graf, da ya kammala nasa a Paris a 1999, ya yi haɗa-huɗu na tari. Wanda ya gama su tsakanin Janairu da Satumba na shekara ɗaya ya yi haɗa-huɗu na shekara. Graf tana da duka biyun, har ma ta wuce nan, domin a cikin kofunanta 22 na gasar ƙoli babu ɗaya daga huɗun da ta ɗauka ƙasa da sau huɗu: Wimbledon bakwai, Faransa shida, Amurka biyar, Ostareliya huɗu.

Saura zinaren. A 1988 ne tanis ya dawo gasar Olamfik da cikakken matsayi bayan rabuwarsu tun 1924, kuma a Seoul Graf ta sake doke Sabatini da 6-3 da 6-3 ta karɓi lambar zinare, abin da aka laƙaba wa suna Golden Slam. Ba na so mu ce "haɗa-huɗu na zinare", domin zai zama kamar kirari ne kawai, alhali nasara ce ta biyar mai zaman kanta. "Haɗa-huɗu da zinare" ya fi faɗin gaskiya, kuma yana ba mu damar raba su idan bukata ta taso, kamar a kan Zverev, wanda ya ci zinare a Tokyo a 2021 amma ya faɗi a wasan ƙarshe na gasar ƙoli a 2020 da 2024 da 2025. Idan za mu ce Graf kaɗai ta yi haɗa-huɗu da zinare a shekara guda, mu tuna mu keɓe wasan masu keken guragu, domin Diede de Groot da Dylan Alcott sun yi irinsa a 2021.

Game da jinsin kalmar, na ɗauki haɗa-huɗu a matsayin namiji, sai mu ce haɗa-huɗun Graf shi ne na 1988. Ina roƙon 'yan uwa masu karanta labarai a rediyo su gwada waɗannan jimloli da babbar murya, su faɗa mana inda harshe ya sarƙe.